Hazo Ba Uzuri Ba Ne: Kimiyyar Birki da Alhakin Direba

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa a kan titi lokacin sanyi, irin su Kanada da Ingila, direban da motarsa ta sulale ta afka wa wata a mahaɗar hanya yakan ɗora laifin a kan ƙanƙara. Sau da yawa wannan uzuri ba ya hana shi biyan tara, domin doka ta wajabta masa daidaita gudunsa da yanayin hanya. Littafin ƙa'idojin tuƙi na Ingila ma ya yi gargaɗin cewa nisan tsayawar mota kan iya ninkawa har sau 10 a kan ƙanƙara.

Ƙasar Hausa ba ta san ƙanƙarar titi ba, amma ta san hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe garuruwa irin su Rawayau da Kurfi da Dutsin-Ma. Gani yakan ragu, yashi ya kwanta a kan kwalta ya rage wa taya kamu, alhali masu babura da amalanke da garken shanu suna ɓullowa daga hanyoyin ƙauye zuwa babban titi.

Lissafin abin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kimanin mita 14 a daƙiƙa guda, wato kafin ma direba ya kai ƙafarsa kan birki. Bayan ya taka, tana buƙatar kusan wasu mita 14 a busasshiyar kwalta: jimilla mita 28 ke nan. Idan gudun ya kai kilomita 100, tafiyar daƙiƙar farko ta zama mita 28, nisan birki kuwa ya ninka sau 4 ya kai mita 56, domin ƙarfin motsi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Jimilla mita 84. Direban da ba ya hangen abin da ya wuce mita 60 saboda ƙura, kuma yake wannan gudu, ya riga ya yi haɗari tun kafin ya ga abin da zai buge. Kunna doguwar fitila ba ta fisshe shi, domin ƙwayoyin ƙura na watsa hasken su mayar da shi cikin idonsa.

Saboda haka tarar da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke cin mai tuƙin ganganci ba zalunci ba ce. Hazo ba ya zuwa bagatatan. Kowa ya san watanninsa, kuma ƙafar direba ce a kan totur.

Sai dai tara ba ta zama darasi sai an bi ƙa'ida: a rubuta takarda, a bayyana laifin, kuɗin ya shiga asusun gwamnati. Wadda ta ƙare a aljihun jami'i ba ta koya wa direba komai sai ciniki. Haka kuma hukuma na da nata nauyin: kafa alamomi masu ƙyalli a mahaɗu, sabunta fentin titi, da kwashe yashin da ya taru.

Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Direban da ya rage gudu kafin mahaɗa daƙiƙoƙi kaɗan ya rasa, ya tsira da kuɗinsa da rayukan fasinjojinsa.