Janitor: Mai Gadi Ne Ko Mai Shara?

Wani malamin makaranta daga bakin Watari, a ƙasar Bagwai, ya aiko mana da tambaya. Ya ce an liƙa takarda a ƙofar wata makarantar kuɗi, wai ana neman janitor. Wani dattijo maƙwabcinsa ya je ya karɓi aikin, yana tsammanin gadi ne. Ran da ya fara, sai aka miƙa masa tsintsiya da bokiti, aka nuna masa bayan gidan yara. Ya ajiye musu kayansu ya koma gida cikin fushi, ga shi kuwa hatsin rumbunsa ba zai kai shi damina ba. Malam yana so ya san wa ke da gaskiya.

To, Malam, kalmar nan Turawa ma aro suka yi. Asalinta daga Latin ne, watau harshen Rumawan dā. Su janua su ke ce wa ƙofa, janitor kuwa shi ne mai tsaronta, kamar yadda Larabawa suka fitar da bawwabu daga babu. Har suna da wani gunki mai fuska biyu, Janus, wanda suka ce wai shi ke da iko da ƙofofi, daga sunansa ne aka sami watan Janairu, don shi ne ƙofar shekara. Ashe a asali mutumin nan ɗan'uwan Sarkin Ƙofa ne na birnin Kano, wanda a dā ya kan rufe ƙofar gari in dare ya yi.

Amma magana ba ta zama wuri ɗaya. Wanda makulli ke hannunsa shi ke fara zuwa, shi ke tashi ƙarshe, sannu a hankali sai aka ɗora masa shara da wanki da ƙananan gyare-gyare. Yau a Amurka in an ce janitor, mai share gini a ke nufi. Mutanen Ingila kuwa caretaker suka fi cewa.

Saboda haka dattijo ya yi daidai bisa tsohuwar ma'ana, shugaban makaranta ya yi daidai bisa ta yanzu. Laifin, a ganina, yana wuyan wanda ya rubuta takardar. Ina dalilin liƙa Turanci ga manoma, alhali Hausa ta ba kowa sunansa? Mai gadi dabam, mai shara dabam, masinja dabam. Ina ma jin tsoron kada a fake da baƙuwar kalma a sa mutum ɗaya aikin mutum biyu da albashin ɗaya.

Shara dai ba abin kunya ba ce, ladanai nawa ke share masallaci da hannunsu? Ku ce wa dattijon ya koma, ya tafi da shaida, a faɗa masa aikin da Hausa ɗaya bayan ɗaya: in da kwana, in da wankin bayan gida, a yanka wa kowane kuɗinsa kafin ya sake taɓa tsintsiyar.