Ra'ayinmu: Fada Ba Zai Ɗauke wa Gwamnati Nauyinta a Duwatsun Tarahumara Ba

Ranar 20 ga Yuni, 2022, ɗan bindiga ya biyo wani mai rakiyar 'yan yawon buɗe ido har cikin cocin Cerocahui, a duwatsun Tarahumara da ke jihar Chihuahua ta Meziko. Tsofaffin fada biyu 'yan ɗarikar Jesuit, Javier Campos mai shekara 79 da Joaquín Mora mai 80, suka tsaya wa mai rakiyar. Aka harbe su ukun, aka jefa gawarwakin a mota.

Mutanen wannan yanki, Rarámuri, suna zaune warwatse a bakin kwazazzabai, suna noman masara da wake, suna yin gudun yini guda da takalman taya. Tarihinsu da cocin Katolika ba duka ne mai daɗin ji ba. 'Yan mishan na farko sun shigo a ƙarni na 17 tare da mulkin Sifen, wanda ke neman hannu a ramukan azurfa. Tattara mutane a ƙauyukan mishan ya jawo tawaye iri-iri, har da wanda Teporaca ya jagoranta a 1652. Masu tuna wa cocin wannan tabo ba ƙazafi suke yi ba.

Sai dai bayan an kori 'yan Jesuit a 1767, sun dawo a 1900 da wani hali daban. Sun koyi harshen mutanen, sun bar ganguna da rawar gargajiya sun shiga ibada. Asibitin Santa Teresita da ke garin Creel, wanda Fada Luis Verplancken ya kafa, ya ceci yara da yawa daga tamowa. Yankin ya zama wakilcin mishan a 1958, ya samu cikakken matsayin dayosis a 1993.

Mu dai muna ganin zaman cocin a can alheri ne, kuma ya kamata ta riƙa sakar wa Rarámuri ragamar makarantunta da shugabancin ibada. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne yadda hukuma ta naɗe hannu. Masu safarar ƙwaya da ɓarayin katako suna raba iyalai da gonakinsu. Wanda ake zargi da kisan Cerocahui bai taɓa gurfana gaban alƙali ba. Gawarsa aka tsinta a jihar Sinaloa a Maris na 2023. Gwamnatin Chihuahua da ta tarayya su kai alƙalai da likitoci duwatsun nan, su mayar da waɗanda aka kora gonakinsu.