"KU KAI SHI GIDA": WANE GIDAN?

Idan likita a Legas ko Ibadan ya ce wa dangin majinyaci su kai shi gida, kowa ya san inda zancen ya dosa: ciwo ya gagari magani. To, amma ga ɗan Arewa mazaunin Agege ko Sabon Ibadan ko Shagamu, ina ne gidan? Ko dai ɗakin haya guda da mutum biyar ke kwana a ciki, ko kuwa Kano ko Sakkwato, tafiyar kilomita wajen 1,000. Sai a yi karo-karo a masallaci, a je wurin Sarkin Hausawa, a shimfiɗe mai ciwon daji a bayan tirelar da ta sauke shanu. Wasu kuwa rai kan yi halinsa tun ba a haye gadar Jebba ba.

Jama'a sun yi nasu. Hukuma fa? A Abuja, cikin 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, Nijeriya mai masaukin baƙi ba ta taɓa cikawa ba. Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta 2022 ta wajabta inshora. Shin wane ɗan dako ne na kasuwar Mile 12 ya taɓa ganin nas ta shigo ɗakinsa da kuɗin asusun nan?

Masu cewa kashe kuɗi a kan wanda ajalinsa ya kusa ɓarna ce, su ne dai ake kwasa a jirgi zuwa Landan in nasu ya taso. Ba wanda ya ce a hana ajali. Raɗaɗi ake cewa a rage. Yuganda ba ta kai Nijeriya arziki ba, amma tun 1993 Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a can, gwamnati na ba da ruwan maganin mofin kyauta, kuma tun 2004 aka yarda nas da ta sami horo ta rubuta shi. A nan ma Asibitin Koyarwa na Ibadan yana da sashen da ke bin irin waɗannan majinyata har gida, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin gado a asibiti ba: albashin nas, kuɗin motarta, mofin da auduga da bandeji. Majalisa ta ware musu kaso bayyananne cikin asusun 2014, kuma gwamnatocin Legas da Oyo da Ogun su biya wa duk mazaunin jiharsu, ba tare da an tambaye shi takardar asali ba.