Mai kula da na'ura ma ɗan Adam ne

Ɗan kasuwar da ya taso daga Guna zuwa birnin Damagaram domin aika kuɗi, da ma'aikacin da ke jiran takardar albashinsa, duk sun san kalmar nan: "babu rezo". Da zarar an faɗe ta, sai idanu su koma kan mutum guda, wato mai kula da na'urori masu ƙwaƙwalwa, wanda ake ce wa enformatisiyan.

Sau da yawa shi kaɗai ne a ma'aikata. Shi ne mai gyara, shi ne mai koyarwa, shi ake bugo wa tarho tsakar dare ko ranar Lahadi. In kuma na'ura ta lalace a ƙaramar hukuma irin ta Guna, da ke cikin yankin Mirya, shi zai hau babur ya sha rana da ƙura. Aiki ya yi kyau, ba mai tunawa da shi. Ya tsaya, laifinsa ne.

Alhali galibin abin da ke tsayar da aikin ya fi ƙarfinsa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take ba Nijar, ba ta maido ba sai a 2024. Rijiya ce ta ƙafe, amma guga aka yi ta zagi.

Wannan gajiya tana da suna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da wahalar aiki marar yankewa ke haifarwa, ta kuma ba da alamunta uku: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Mutumin da a da ake yabon haƙurinsa sai a ga ya zama mai saurin fushi, barci ya ƙaurace masa, kuskure ya yawaita. Jama'a su ce girman kai ne ko lalaci. Shi kuwa kunya ta hana shi kuka, domin an saba cewa mai zama a biro bai san wahala ba.

Faransa ta ga inda abin ke kaiwa. A kamfanin France Télécom ma'aikata 35 suka kashe kansu a 2008 da 2009, kuma a Disamban 2019 kotu ta sami tsofaffin shugabanninsa da laifin gallaza wa ma'aikata. Tun 2017 dokar ƙasar ta amince wa ma'aikaci ya rufe tarhon aiki bayan an tashi.

Nijar ma tana da tata doka. Dokar aiki ta 2012 ta ƙayyade awa 40 a mako, ta kuma sanya matsin aiki cikin abubuwan da ke barazana ga lafiyar ma'aikaci. Saura aikatawa. Ya kamata shugabannin ma'aikatu su horar da mataimaki, a riƙa yin karɓa-karɓa, a ba da hutu a kan lokacinsa, a tanadi wutar hasken rana. Ɗan kasuwa kuma, kafin ya ɗaga murya, ya tambaya ko akwai wuta.

Ranar da wannan bawan Allah ya kwanta ciwo, ko ya tattara ya tafi Yamai, albashi da takardun haihuwa da kuɗin fatauci duk za su tsaya cik. Jakin da ake ɗora wa kayan gari duka, ranar da ya durƙusa gari ne ke kwana da yunwa.