Kafin Ka Sayi Garmaho, Dubi Lafiyar Faifai

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla ba su taɓa ganin garmaho yana aiki ba, domin kaset ya ture shi, faifan CD ya ture kaset, wayar hannu kuma ta zo ta ture su duka. To amma ga shi abin ya sake dawowa. A shekarar 2022 an sayar da faya-fayan garmaho kimanin miliyan 41 a Amurka, na CD kuwa miliyan 33, kuma rabon da a ga irin haka tun 1987. Wannan yayi ya sa masu sa kiɗa a wuraren biki da gidajen shagali, waɗanda matasa ke kira DJ, da masu sha'awar saurare a gida, suna tambayar wane garmaho ya dace a saya. Ra'ayina shi ne, garmahon kirki shi ne wanda ba ya cin faifai. Ƙara da fitilu da kyawun akwati duk suna biyo baya.

Dalilina kuwa a fili yake. Idan garmaho ya lalace, kuɗi na iya sayo wani. Faifan da allura ta cinye ba shi da magani. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a nan Jihar Katsina, wanda ya rasu a 1999, kamfanin EMI ya buga waƙoƙinsa a faifai cikin shekarun 1970, haka kuma an buga na Ɗan Maraya Jos da wasu mawaƙan Hausa. Ragowar waɗannan faya-fayai suna nan cikin adakoki da kabad a tsofaffin gidajen birnin Katsina. Duk wanda ya ɗora su a kan garmahon banza, yana goge muryar da mai ita ba zai dawo ya maimaita ba.

Domin a fahimci haka, sai mu dubi yadda abin yake aiki. Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877, sannan Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da shimfiɗaɗɗen faifai a 1887. A fuskar kowane faifai akwai siririyar tsaga guda ɗaya tak, wadda ta naɗe tun daga baki har zuwa tsakiya. Gefunan tsagar a karkace suke daidai da yadda sauti ya girgiza iska lokacin ɗauka. Allura tana bin tsagar tana rawa, sai kan allurar ya mai da rawar zuwa ƙaramar wutar lantarki, amfilifaya ta ƙarfafa ta, lasifika ta fitar. Wato ke nan duk lokacin da aka sa faifai, ana goga dutse mai tauri ne a kan roba mai laushi. Saboda haka abubuwa uku ne mai saye zai auna: gudu, da nauyi, da allura.

Na farko, gudu. Babban faifai, wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1948, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya. Ƙarami, na kamfanin RCA Victor na 1949, sau 45. Tsofaffin na zamanin kakanninmu kuwa sau 78. Iri biyu na inji ne aka fi samu wajen juya farantin da ake ɗora faifai. Akwai mai bel na roba, akwai kuma wanda farantin yake zaune kai tsaye a kan injin. Mai bel ya wadatar ga mai saurare a ɗaka, sai dai zafin Katsina, wanda kan kai digiri 40 a watan Afrilu, yana sa roba ta saki ko ta tsage, don haka a tabbatar ana samun bel na canji kafin a biya kuɗi. Shi kuwa mai sa kiɗa a taro, wanda yake tsayar da faifai da hannu ya sake shi, ba shi da zaɓi sai mai inji kai tsaye. Abin misali a nan shi ne Technics SL-1200 na ƙasar Japan, wanda ya fito a 1972, aka inganta shi a 1979. Yana kama cikakken gudu cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ana iya ƙara masa gudu ko rage shi da kashi 8 cikin 100, kuma nauyinsa na kimanin kilo 12 yana hana girgizar lasifika ta sa allura tsalle. An daina ƙera shi a 2010, aka koma a 2016.

A nan akwai wani tarko ga mai sayen kayan gwanjo. Wutar lantarkin Nijeriya tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60. Wasu injinan garmaho da wannan kai-da-komo suke daidaita gudunsu. Tiransifoma na iya rage ƙarfin wutarmu daga 230 zuwa 120 da kayan Amurka suke buƙata, amma ba ta sauya yawan kai-da-komon. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa: kashi 50 cikin 60 na 33 da sulusi bai kai 28 ba. Sai ka ji muryar Shata ta yi kauri tana jan ƙafa. Haka kuma janareto yakan yi sama ya yi ƙasa, gudun faifai ya bi shi. Injin da aka ɗaure gudunsa da ƙwayar kwaz, irin ta agogon hannu, ya tsira daga wannan matsala. Gwajin kuma ba ya buƙatar ɗakin bincike. Manna ɗan farin takarda a bakin faranti, ka riƙe agogo. Idan gudun daidai ne, zai juya sau 100 cif cikin minti 3.

Na biyu, nauyi. Kowane ɗalibin kimiyya ya san cewa dannawa ita ce ƙarfi a raba da faɗin wurin da ya hau. Bakin allura ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa ko giram ɗaya aka ƙara, dannawar da roba take sha ta ƙaru sosai. Yawancin kawunan allura na saurare a gida suna buƙatar giram 1.5 zuwa 2.5 ne kawai. Ƙananan garmaho masu siffar akwati, masu lasifika a jikinsu, sau da yawa suna danna ninki biyu na haka ko fiye, kuma ba su da wurin gyarawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ka duba bayan hannun garmaho. Idan babu dunƙulen ƙarfe mai lambobi da ake murzawa don daidaita nauyi, ka bar shi a kanti. Ɗabi'ar ɗora kwabo a kan hannu don hana allura tsalle kuwa, kashe faifai ce da gangan.

Na uku, allura. Bakin allurar lu'ulu'u yakan cinye bayan awa 500 zuwa 1,000 na aiki, daga nan ta zama kurfi mai sassaƙa. Duk wanda ya sayi garmahon gwanjo, ya fara da sauya allura. Faifan 78 kuma tsagarsa ta fi faɗi, yana da tasa allurar dabam. Wannan faifai yana da ban sha'awa ga masanin halittu, domin an yi shi ne da shalak, wani ƙaro da wani ƙaramin ƙwaro yake fitarwa a jikin itatuwa a ƙasashen Indiya da Tailan. Shalak yana narkewa a cikin sifirit, don haka kada a kuskura a goge irin wannan faifai da shi.

Wani zai ce, ai mai sa kiɗa a biki ƙara yake nema, mutane su taka rawa. Gaskiya ne, amma ƙara aikin amfilifaya ne da lasifika, garmaho ba ya ƙara ta. Sannan ita kanta ƙarar tana da nata lissafi. A can cikin kunne, a wani sashe mai kama da katantanwa, akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, kuma wadda ta mutu a jikin ɗan Adam ba ta sake tsirowa. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade awa 8 ga ƙarar da ta kai desibel 85, ga desibel 100 kuwa minti 15 kacal. Wani kuma zai ce, me ya sa za a wahala, tunda komai yana cikin waya, kuma galibin masu sa kiɗa a Katsina da kwamfuta suke aiki? Amsa ita ce, ba komai ne ya shiga waya ba. Waƙar da ba a kwafe ta daga faifai ba, tana nan a wuri ɗaya ne kawai, kuma ba a iya kwafe ta da kyau sai da garmaho mai gudu daidai da allura lafiyayya.

Don haka nake ganin ya kamata a raba aiki biyu. Mai sa kiɗa a taro ya sayi garmaho mai inji kai tsaye, mai nauyi, ya yi wasansa da sababbin faya-fayai waɗanda ake iya sayo wasu, domin ja da baya da ake yi da hannu yana cin tsaga. Tsofaffin faya-fayan Hausa kuwa a kiyaye su daga filin rawa. A ajiye su a tsaye cikin rigunansu, nesa da rana da zafin kwanon rufi mai lanƙwasa roba. A kare su daga ƙurar hunturu, wadda busasshiyar iska ke sa ta manne wa faifai ta zama tamkar yashi a ƙarƙashin allura, da kuma funfunar damina mai cin takardar riga.

Ga malamai, wannan darasi ne da ya haɗa lissafi da kimiyyar sauti da tarihi a kan tebur guda. Ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare tana iya rubuta jerin faya-fayan da ke gidajen iyaye da kakanni: sunan mawaƙi, da kamfani, da lambar faifai, da halin da yake ciki. Irin wannan jeri zai zama abin amfani ga Hukumar Tarihi da Raya Al'adu ta Jihar Katsina da gidajen rediyonmu a duk ranar da za a kwafe waƙoƙin zuwa kwamfuta. Kafin wannan rana, ɗalibi, idan ka tarar da faifai a adakar kakanka, kada ka yi gaggawar jin abin da ke cikinsa. Ka fara da ƙirga juyin faranti, ka duba nauyin hannu, ka sauya allura, sannan ka saurara.