Hasken da Kuke Sayarwa na Magina Ne

Kwanan baya wata mai sauraro ta turo mini hotuna a WhatsApp, tana so in yaba su a shirina na rediyo. Ƴan mata ne sanye da shadda da leshi a cikin wani tsohon gida na unguwar Birni a Damagaram. Hotunan sun yi kyau, ba ƙarya. Amma ban yaba ba, kuma ga dalilina.

A ƙarƙashin kowane hoto akwai sunan tela, da na mai kwalliya, da na mai ɗaukar hoton, wanda har yake alfahari cewa bai kunna fitila ko ɗaya ba, hasken Allah ne kawai. To, malam, wa ya tace maka hasken? Fita da yarinyar nan fili da tsakar rana ka ga yadda shadda za ta kashe ido, fuska ta cika da inuwa. Abin da ya ba ka wannan laushi shi ne kaurin bangon tubali, da ƴar tagar da magini ya huda can sama, da jan yaɓen da ke shanye zafin hantsi ya mayar da shi launin zuma a kan fata. Magini ya yi rabin aikin, amma ko sunan gidan ba a ambata ba.

Na taka da ƙafata na je. Tsohuwar da ke zaune a ciki ta nuna mini inda aka buga ƙusa don rataye labule, zanen dagi ya ɓantale. Indararo a karye yake, azara ta fara ruɓewa. Abin da aka ba ta bai wuce kuɗin goro ba.

Za a ce ai talla ce ake yi wa gidajenmu. Mun san talla. A gidan Sidi Ka na Agadez Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa da ya fito a 1990, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Suna dai mun yi shi. Amma ruwan sama bai san suna ba: a daminar 2024 tsohon masallacin Damagaram ya rushe, duk da ɗimbin hotunan da aka yi masa. Gidan ƙasa yaɓe yake ci, tun kafin hadari ya haɗo.

Ba na cikin masu cewa a rufe ƙofa. Ku zo ku ɗauka, ɗinkinmu ya cancanci zauren kakanninmu. Sai dai duk wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku ware kuɗin yaɓe a cikin kasafin aikin, ku damƙa shi ga masu gida da maginan unguwa. Ku bar ƙusa a aljihu. Ku rubuta sunan gidan kusa da na tela. In kun ƙi, nan da ƴan damuna sai ku nemi wannan haske a jikin bulo da kwano, mu gani.