Ra'ayinmu: Tafkunan Korama su ne gandunmu

A yammacin ƙasar Uganda akwai gandun dajin Kibale, wanda gwamnati ta keɓe a 1993. Kurmi ne mai duhu, cike da birai iri-iri. A gefensa, wajen garin Fort Portal, akwai tafkuna da dama kwance cikin bakunan tsofaffin duwatsu masu aman wuta. Baƙi na zuwa daga Turai da Amurka, su biya kuɗi masu kauri don kallo kawai.

Mu ba biran ne suka ja hankalinmu ba. Dokar Uganda ta ce kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandu a maida su ga ƙauyukan da ke kewaye. A ƙauyen Bigodi kuwa, tun 1992 mutanen gari suke kula da fadamarsu da kansu. Samarinsu ne ƴan rakiyar baƙi, matansu na saida musu kwandunan saƙa.

To, mu fa? Kar mu yaudari kanmu da jiran Turawa. Tun harin Kure na watan Agustan 2020, inda aka kashe mutum 8 a wurin kallon raƙuman dawa, harkar yawon buɗe ido ta durƙushe a Nijar. Amma nan jahar Damagaram muna da abin da ya fi kallo amfani. Duk wanda ya san Waca ya san fadamun Korama da tafkunanta. Daga nan raken da kuke karyawa a kasuwa yake fitowa, da rogo, da kayan miya, da kabar da iyayenmu mata ke saƙa tabarmi da ita.

Sai dai rairayi na ta cike tafkunan nan, kacalla na cinye bakinsu, goruba kuma ana sare ta ba a maye gurbinta. Ranar da ruwan ya ja baya, manomi ba shi kaɗai zai ji a jikinsa ba. Mai kasa tumatir za ta ji, mai amalanke zai ji, haka direban da ke lodin rake zuwa Damagaram.

Kuma gyaran ba gagara ya yi ba. Manoman Magarya, Matamai da Mirya sun raya itatuwan gawo a gonakinsu tun daga shekarun 1980, har masana na zuwa daga ƙasashen waje su gani.

Saboda haka muna kira ga hukumomin Waca, Magarya da Dungas: kuɗin tikitin da ake karɓa hannunku kowace ranar kasuwa, a ware wani kaso a fili domin tare rairayi, yanke kacalla da dashen goruba, a kuma riƙa karanta lissafin gaban jama'a. In za a kafa kwamiti, a sa mata ƴan kasuwa ciki, don su ne suka fi biyan tikitin. Ku kuma shugabannin kasuwa, ku kai wannan magana zaman farko da za ku yi da hukuma, kafin damina ta faɗi.